Gadon Alli

Kwikwiyo bakwai Hana-barci ta zuba
a bayan sito, dab da layin dogo, Sabon Gari.
Shida ruwan ƙasa, sak ubansu.
Na bakwai fari fat,
ido ɗaya baƙi, ɗaya kamar bula a ruwan wanki.
Kawu Barau ya ɗaga shi ta ƙeya, ya ce: Alli.

Ran nan jirgin kaya ya ratso da asuba,
ya yi kuka har kwanon rufi ya amsa.
Shida suka watse suna tuntuɓe da juna.
Alli na kwance, ƙafa a sama,
yana tsotsar nonon mafarki.

Kawu ya yi fito. Shiru.
Ya buga murfin tukunya a bayan kansa,
ƙuda ne kawai ya tashi.
Mai shayi ya ce taurin kai ne,
mai faci ya ce a ɗiga masa man ja.

Muka sa shi a kwali, bayan babur, sai Samaru.
A Kwangila duk hon ɗin duniya ya sauka a kansa,
shi kuwa yana lasar iska.

Likita Talatu ta leƙa kunnen da 'yar fitila.
Ta ce: ƙofa lafiya, zaure lafiya,
can ƙuryar ɗaki ne babu kowa.
Ta zana dodon-koɗi a bayan takardar magani,
ta ce, nan sauti ke sauka.
Tun yana ciki, wasu ƙwayoyi kan taso daga gadon baya,
marina ne, kamar mutanen karofi,
su ke kai launi ga gashi, su kai ga ido,
kuma ayarin nan dai shi ke kai wa kunne guzuri.
In ayarin ya maƙale a hanya,
gashi ya fito fari, ido ya fito shuɗi,
kunne ya yi ta jira, mako uku, mako huɗu,
har ya rufe ƙofarsa.

Kawu ya ce: to wa ya tare ayarin?
Ta ce: kawo uwar.

Washegari ta tsaya bayan Hana-barci,
ta ƙyasta yatsa ta dama: ta juyo.
Ta ƙyasta ta hagu:
karyar ta duba sama, ta duba dama, ta duba ƙofa,
tana neman ƙarar inda ba ta.
Shekara biyar tana gadin buhunan masara
da rabin dare kawai a kunnenta,
ba wanda ya sani, har ita.
Likita ta taɓa farin tabon da ke ƙirjinta,
ta ce: wannan gado ba a raba shi gaban alƙali,
babu sudusi, babu sumuni.
Yakan tsallake shida ya zauna kan ɗaya,
yakan yi shiru a jikin uba ya yi magana a jika.
Ku bar ta ta huta da haihuwa.

Yanzu Kawu ba ya fito.
Yakan doka ƙafa a ƙasa sau biyu,
Alli ya ji ta tafin ƙafarsa, ya sheƙo.
Tafin hannu a buɗe, zauna.
Tocila sau uku, abinci.
Da dare hancinsa ke gadi,
kuma tun daga Dogarawa yake sanin jirgi na tafe,
ƙasa ce ke faɗa masa kafin ta faɗa mana.

Abin da ban faɗa wa kowa ba:
duk bayanin da likita ta yi,
kunnen dama Kawu ya miƙa mata,
kai a karkace, kamar yadda kaka ke zama gaban rediyo.

Daren jiya na kashe fitila,
na kai hannu kusa da kunnen hagu,
na haɗa yatsu biyu.
Na daɗe a haka ban ƙyasta ba.